Kalanzir a Waken 'Yan Makaranta

Wari ne ya fara kai labari. Ranar Litinin da safe, tun kafin a kaɗa ƙararrawa, yaran da suka riga zuwa suka tarar da ƙofar ɗakin ajiyar abinci a wangale, kwaɗo a yashe a ƙasa, warin kalanzir kuwa har bakin titi. Wani ya shiga ya farke buhunan waken da aka kawo don ciyar da 'yan makaranta, ya tuttula musu kalanzir tun daga sama har ƙasa. Bai ɗauki ko ƙwaya ɗaya ba. Ɓarna kawai ta kawo shi.

Kafin rana ta yi zafi rabin gari ya hallara a bakin makarantar, kowa da wanda yake zargi. Abin kuwa ya zo a mummunan lokaci. A ƙarshen makon majalisar gari za ta zauna ta yanke ko a ci gaba da karɓar harajin da ake ciyar da kowane yaro kyauta da shi, ko a kashe wutar murhun. An yi watanni ana wannan gardama a kasuwa da tasha da shagon aski, har akwai wa da ƙanin da suka daina gaisawa a kanta.

Da Sajan na 'yan sandan garin ya ga hayaniya ta fi ƙarfinsa, sai ya aika a kira masa Mai Sawu.

Mai Sawu tsohon ma'aikacin gandun daji ne. A bin sawun ɓarayin katako ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har ya zama in ya dubi ƙasa yakan gaya maka wanda ya wuce, da abin da ya ɗauko, da ko yana sauri. Yanzu ya yi ritaya, yana riƙon jikokinsa biyu, 'ya'yan 'yarsa da ta tafi neman aiki wani gari. Fanshonsa ba ya ganin tsakiyar wata. Abincin makarantar nan shi ne abincin ranar jikokin, wani lokaci ma shi ne na yinin duka.

Ya tsaya ya dubi farfajiyar da ɗaruruwan ƙafafu suka tattake, ya yi tsaki.

"Sajan, ka kira ni in yi karatu, ka bar garke ya bi ta kan allon."

"Baba, yi haƙuri. Bayan ɗakin girki ban bar kowa ya je ba."

A bakin ɗakin girkin shugabar masu dafa abinci tana zaune a kan tukunyar da aka kife, ta zuba tagumi. Yara suna kiranta Uwar Tukunya. Shi kuwa Auta yake ce mata, don ƙanwar marigayiya matarsa ce, a gidansa ta ƙarasa girma. Ba su taɓa haɗuwa ba ta tsokane shi ba.

"Auta, yau babu ko 'tsoho mai ran ƙarfe'?"

"Yaya, bar ni," ta ce, ba ta ɗago ba. "Yau shinkafa tsura zan ba su."

Ya zagaya baya. An yi ruwan sama ranar Lahadi da tsakar rana, ƙasa ta yi laushi, ta riƙe komai. Sawu iri biyu ya gani. Na farko na takalmin roba ne irin dogon nan na ma'aikata, ya shigo ta inda katanga ta rushe bayan ruwa ya ɗauke, ya koma ta nan, ya ɓace a kan kwalta. Takalmin babba ne, amma takun gajere, kuma diddige yana zamewa: ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Ƙafar hagu tana ɗan karkata waje. Wani abu ya taɓa masa zuciya a kan wannan karkatar, amma bai tsaya ya saurare shi ba.

Na biyu na silifas ne, na mace, a ƙarƙashin tagar ɗakin girki inda rufi ya kare ruwa. Sawun ya hau kan juna, tsoho da sabo.

Kuskuren da ya yi shi ne ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi. Wata mata da ta leƙo ta kan katanga ta ji an ce silifas, ta ji an ce taga, ta juya ta watsa wa taro.

*

Ya fara da maigadi, wanda bai ba shi wahala ba. Mutumin ya rantse yana bakin aikinsa, ya sake rantsewa, sannan ya fashe da kuka ya ce ranar Lahadi yakan ari babur ya yi ɗan haya, don albashin gadi ba ya riƙe gida. Fasinjojinsa sun shaida.

Daga nan Mai Sawu ya nufi wurin wanda gari ya fi nunawa da yatsa, shugaban 'yan kasuwa, mai babban siton hatsi a bakin kasuwa. Shi ne jagoran masu cewa a soke harajin. Duk taron da aka yi sai ya buga tebur ya ce, "Ba da kuɗina ba!" har maganar ta zame masa suna.

Ba-Da-Kuɗina-Ba yana ganinsa ya cire takalmi ya ɗora ƙafa a kan tebur, ƙafa kamar faifan injin niƙa.

"Baba Mai Sawu, kai ma ka zo awo? Auna. Ka auna na yarana ma, ga su can. Jiya tun da ruwa ya ɗauke muke sauke mota, kasuwa duk ta gani."

"Ai gaisuwa na zo yi."

"Gaisuwarka a ƙasa take kallo. Bari in gaya maka, wanda ya yi wannan aiki ni ya cuta. Na kusa samun rinjaye a majalisa, yanzu kowa tausayin tukunya yake ji. Ni ban taɓa cewa yara su mutu da yunwa ba. Cewa na yi, ɗan likita da ɗan mai gidan mai, don me zan ciyar da su? Wanda ya haifa ya ciyar. In ma dole ne, a ware marasa hali a ba su."

"An taɓa yin haka," in ji Mai Sawu. "Aka yi musu layi daban, sauran yara suna kallo. Jikata ta gwammace ta wuni ba ta ci ba da ta shiga layin."

"To girman kan jikarka ma ni zan biya?"

Mai Sawu ya waiwaya cikin siton. Ya bi ma'aikatan da kallo: samari ne majiya ƙarfi, masu dogon taku, kowa ya cika takalminsa. Da zai fita ya bi ta gaban wani ɗaki na can ciki, wani wari mai kaifi ya soke masa hanci har idonsa ya kawo ruwa.

"Me kuke dafawa a nan?"

"Maganin ƙwari ne," in ji mai siton. "Wanda bai sa ba, ƙwari su ci shi har buhu."

*

Kafin ya dawo daga kasuwa aikin gama ya gama. Mata sun kife teburin Gwaggon Ƙofa, sun farfasa mata kwanuka, Sajan ya ƙwace ta da ƙyar ya kai ta ofis ya kulle.

Gwaggon Ƙofa ita ce mai sayar da abinci a bakin ƙofar makarantar tun kafin a fara na kyauta. Kowa ya taɓa jin ta tana tsine wa ɗakin girkin. Da risho take girki, saboda haka zanenta ba ya rabuwa da warin kalanzir. Silifas ɗinta kuma ya zauna daram a kan sawun taga.

Washegari Mai Sawu ya same ta zaune a ƙasa, leɓenta a kumbure.

"Eh, na tsine," ta ce. "Zan kuma tsinewa. Baba, a bakin ƙofar nan na yi furfura. Da teburin nan na binne mijina, da shi nake riƙon marayu. Rana ɗaya aka ce kyauta. Wa zai sayi abin da ake rabawa kyauta? Kuma mai karɓar haraji bai fasa zuwa teburina ba. Da hannuna nake biyan kuɗin wuƙar da ta yanka ni."

"Na ji. Me kike zuwa yi bakin taga?"

Ta kau da kai.

"Gwaggo, sawunki ba na rana ɗaya ba ne. Kullum kike zuwa. Kina zuwa hannu sake, ki koma da ɗan nauyi a hannun dama."

Da ta yi magana, da ƙyar ya ji.

"Ragowa. In yara sun tashi, Uwar Tukunya takan aje mini a kwano a kan taga. Da shi muke kwana. Don Allah Baba, kada ka faɗa. Gara a ce na zuba kalanzir da a ce ni da nake ciyar da makaranta na koma cin ƙanzon tukunya."

Ya fito ya gaya wa Sajan ba ita ba ce, sawunta duk kafin ruwa ne.

"Baba, na yarda da kai," in ji Sajan. "Amma ka ji gari. In na sake ta hannu wofi, ba za ta kai gida da rai ba. Daga sama kuma an ce in miƙa ta kotu kafin majalisa ta zauna. Kawo mini wani, in buɗe mata ƙofa."

*

Da yamma ya koma makarantar shi kaɗai. Ya sa aka buɗe masa ɗakin ajiya, ya jira rana ta karkata haskenta ya kwanta a ƙasa, don a irin wannan haske ƙura ba ta ɓoye komai.

Tsakiyar ɗakin an tattake shi. Ya durƙusa ya bi gindin bango, inda ƙafar masu kallo ba ta kai ba. A nan ya ga ƙananan sawun ɓeraye sun fito daga rami sun nufi buhunan waken. Ya bi su da ido, ya nemi na komawa, bai gani ba.

Ya sa kafaɗa ya ture buhun ƙarshe. A bayansa ɓerayen suke kwance, sun sandare, cikinsu ya shafe, tururuwa ta riga ta gama da idanunsu. Babu ɗigon kalanzir a jikinsu. Waɗannan sun mutu tun kafin Lahadi.

Ya zare wuƙarsa ya huda buhun ƙasa ta gefen bango, ya cusa hannu har gwiwa, inda kalanzir bai ratsa ba. Ya ciro wake cike da tafi, fari tas, ko huda ɗaya ta ƙwaro babu. Ya kai hanci. Idonsa ya kawo ruwa, kamar yadda ya yi a gaban ɗakin nan na kasuwa.

Sai ya waiga. A ɗaya kusurwar akwai rabin buhun shinkafa da jarkar man girki. An ja su daga kusa da waken, ga layin ja a ƙura, ga sawun takalmin roba a kai. An kuma lulluɓe su da leda, an danne bakin ledar da dutse.

Mai Sawu ya zauna daɓas a ƙasa. Wanda ya tsani abincin yara ba ya tsayawa lulluɓe shinkafa. Abin da ya ƙi saurara jiya ya dawo masa sarai. Ya san ƙafar hagun nan mai karkata waje. Yana sabon ango wata yarinya ta faɗo daga kan katanga ta karye a gwiwa, shi ya goya ta har asibiti, ƙashin kuma bai koma daidai ba.

*

Ya tarar da Uwar Tukunya a tsakar gidanta tana tsince shinkafa. A kan katanga an kife dogayen takalman roba na mijinta, magini, wanda ya rasu bara. An wanke su fes. Ta ga inda idonsa ya sauka, ta aje farantin.

"Na san za ka zo, Yaya. Da na ji Sajan ya aika maka, na ce shi ke nan."

"Auta, me ya kai ki?"

"Ka shinshina?"

"Na shinshina."

"To me kake tambaya?" Ta goge hannu a zane. "Ranar Juma'a na buɗe sabon buhu, warin ya kusa kayar da ni. Na jiƙa kaɗan na zuba wa kajina, kafin yamma biyu sun mutu. Na ɗebi waken na kai wa Hedimasta. Ya rufe ƙofa, ya ce in rufa masa asiri. Ya ce in maganar nan ta fita kafin majalisa ta zauna, Ba-Da-Kuɗina-Ba ya gama da mu, shekarun da ya yi yana faɗa a kan abincin nan sun tafi a banza. Ya ce in wanke da kyau, in sake wankewa, in dafa kaɗan-kaɗan, bayan ƙuri'a zai mayar wa ɗan kwangilar da ya kawo shi."

"Kika ce me?"

"Na ce ba da hannuna ba. Ya ce to akwai masu neman aikin, Litinin zai kawo wadda za ta dafa. Tsohon wake ya ƙare, Yaya. Litinin sabon za a ɗora. Jikokinka suna layin gaba kullum, ƙaramin har ƙari yake nema."

"Ki zo wurina mana! Ki je wurin Sajan!"

"In je in ce abincin kyauta guba ne? A rufe a ranar? Ni na san yaran da ba sa cin komai sai abin da na zuba musu. Ina ganin yadda suke riƙe kwano ranar Litinin. Na ce in na ɓata waken, ba a ci guba ba, ba a kuma rufe ɗakin girki ba. A zargi iska."

"Ba iska aka zarga ba. Gwaggon Ƙofa tana kulle, an fasa mata baki."

Fuskarta ta yamutse. "Wallahi ban kawo ta a raina ba. Ban yi barci ba tun jiya." Ta matso ta kama bakin rigarsa, kamar yadda takan yi tana yarinya. "Yaya, ka ba ni zuwa bayan ƙuri'a. Majalisa na tashi zan kai kaina."

"Kafin majalisa ta zauna za a miƙa ta kotu. Marayunta suna gida, maƙwabta sun hana su ko ɗiban ruwa."

"Kwana nawa ne? Ta daure. Yaran gari guda fa, Yaya."

Ya dube ta. "Haka Hedimasta ya ce miki. Ki daure, kwana nawa ne."

Ta saki rigar kamar ta taɓa wuta. Ta koma ta ɗauki farantinta.

"To je ka faɗa. Amma ka sani, ba ni na kashe wutar nan ba, ba kuma Ba-Da-Kuɗina-Ba ba. Kai ne."

*

Sajan ya tara su a wani aji bayan an tashi yara. Manya suka takure a kan ƙananan bencina, gwiwoyinsu suna dukan tebur: Hedimasta, Ba-Da-Kuɗina-Ba, maigadi, Uwar Tukunya, da Gwaggon Ƙofa da aka kawo daga ofis. Ɗan kwangila an aika masa, aka ce ya yi tafiya. A tagogi kuwa kawunan mutanen gari ne, har sun tare haske.

Mai Sawu ya kwance wani tsumma a kan teburin malami. Ɓerayen ne, da tafin wake.

Ya yi bayani a hankali, ba ya kallon kowa. Ya ce maigadi yana kan babur. Ya ce shugaban 'yan kasuwa yana sauke mota. Ya ce sawun Gwaggo duk kafin ruwa ne, abin da ke kai ta taga kuma bai shafi kowa ba. Sannan ya ce waken nan an zuba masa maganin ƙwari fiye da kima, ɓerayen da suka ci sun mutu kafin wani ya taɓa kalanzir, kuma wanda ya zuba kalanzir ya yi ne don kada a dafa.

Wata uwa a taga ta ɗora hannu a ka ta yi salati.

"Wa ya san da maganar?" in ji Sajan.

Hedimasta ya miƙe, gumi yana bin wuyansa. Mutum ne da ya yi shekaru yana yawo ofis-ofis kafin a kunna murhun nan, kowa ya sani.

"Zan mayar," ya ce. "Wallahi na yi niyyar mayarwa. Ana wanke irin wannan a ci. Kwanaki kaɗan kawai nake nema. Ku ba ku san wahalar da na sha ba."

"Da cikin 'ya'yanmu kake neman kwanakin?" wani ya yi tsawa daga waje.

Ba-Da-Kuɗina-Ba ya buga ɗan teburin da ke gabansa har ya tsage.

"Kun gani! Kun ga inda kuɗinmu yake tafiya! Mu biya haraji a sayo wa 'ya'yanmu guba!"

"Warin waken nan," in ji Mai Sawu, "shi ne warin ɗakinka na ciki. Ɗinkin bakin buhun ma irin naka ne."

Mutumin bai ko ƙifta ido ba.

"To sai me? Ɗan kwangila ya zo yana neman mai araha, na nuna masa na ajiya. Na ce masa sai ya sha iska wata da watanni. Na sayar, ya saya. Ni na ce a dafa? Abin da nake faɗa muku ke nan tun farko: kuɗin da ba na kowa ba, ba mai tsaron sa."

Wasu a taga suka gyaɗa kai. Mai Sawu ya ga gyaɗawar.

"Baba," in ji Sajan, "saura suna. Ba zan saki wannan ba sai na riƙe wani."

Mai Sawu ya dubi Uwar Tukunya. Ya yi fata ta miƙe da kanta, ta ɗauke masa. Ba ta miƙe ba. Ta naɗe hannu ta kafe shi da ido, tana jira ta ga ko bakinsa zai iya. Ya dubi Gwaggon Ƙofa da leɓenta da ya fara baƙi.

"Ƙanwar matata ce," ya ce. "Takalman suna kan katangarta."

Sai a lokacin ta tashi. Ta gyara ɗankwali, ta cire makullin ɗakin girki daga bakin zanenta ta aje kusa da ɓerayen.

"Akwai rabin buhun shinkafa a kusurwa," ta ce wa Hedimasta. "Lafiyarta ƙalau. A dafa musu gobe."

Ta bi bayan Sajan, ƙafar hagu tana karkata waje. Gwaggon Ƙofa ta rarrafa ta riƙe mata zane tana kuka, Uwar Tukunya ta zame ta wuce.

*

Majalisa ba ta daɗe a zaune ba. Waɗanda a da suke tare da abincin sun yi gum, don ba wanda yake so a ce yana kare guba. Aka soke harajin. Aka ce za a kafa kwamiti ya duba yadda za a taimaki marasa hali, kwamitin kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Hedimasta aka mayar da shi ofishin ilimi, ɗaki mai fanka. Ɗan kwangila ya dawo daga tafiya da sabuwar mota. Ba-Da-Kuɗina-Ba ya ci gaba da sayar da hatsi. Uwar Tukunya kaɗai ta tsaya gaban alƙali, don ita kaɗai ta fasa kwaɗo. Ta yi 'yan watanninta ta fito, ba aiki. In ta hango Mai Sawu a hanya takan tsallaka ɗaya gefen. Ya je gidanta da gaisuwa, ta aiko a ce masa ba ta nan, yana jin tarinta a ɗaki.

Gwaggon Ƙofa ta mayar da teburinta bakin ƙofar makaranta. Ciniki bai dawo ba. Yaran da suke da kuɗi da abincinsu suke zuwa daga gida, sauran kuwa sai su tsaya nesa suna kallon tururi. Ɗakin girki aka cika shi da karyayyun kujeru.

Bayan damina ta wuce, wata rana da hantsi, sai ga Sajan a ƙofar Mai Sawu. Ya ce shugaban 'yan kasuwa ya kawo ƙara, ana yi masa satar burodi da gyaɗa ta bayan shagonsa da tsakar rana, ya ce lallai a kira masa tsohon nan mai ido.

Suka tafi. Bayan shagon lungu ne mai yashi, yana ɓullewa ta bayan katangar makaranta. Ba-Da-Kuɗina-Ba yana tsaye ya riƙe ƙugu.

"Yauwa Baba. Ka nuna mini gidan ubansu."

Mai Sawu ya sunkuya. Ba ya buƙatar hasken yamma. Ƙananan ƙafafu ne, wasu ba takalmi, sun zo a guje sun koma a guje. A cikinsu akwai ɗan takalmi guda da aka yi wa faci da tayar keke a diddige. Shi ya yi facin da hannunsa, a tsakar gidansa, ƙaramin jikansa yana riƙe masa ƙusa.

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe a hankali, ya dafa baya, ya taka cikin lungun yana jan ƙafa kamar mai neman wani abu, ya je ƙarshe ya dawo ta kan yashin.

"Me ka gani?" in ji Sajan.

"Ban ga komai ba," in ji Mai Sawu. "Idona ya tsufa, Sajan. Kada ka sake aiko mini."